Darasi na Tara: Yadda Za Mu Farfaɗo da Fako

Akwai tambayar da nakan yi wa kowace ƙungiya idan mun zo wannan darasi, ku ma zan yi muku ita: wace ce a cikinmu gayaunarta take a tsakiyar gona, inda ƙasa take da laushi da duhu? Yawanci hannu ɗaya ko biyu nake gani a sama. In na ce wace ce tata take can gefe, kan tudu, inda ko ciyawar kirki ba ta fitowa, sai hannuwa su cika rumfa. Ranar da na fara yin tambayar wata gwaggo ta yi dariya ta ce mini, "'Yar nan, ai mu abin da ya gagari garma shi ake yanka mana." Ban musa mata ba, don gayaunar mahaifiyata ma haka take.

To wannan ƙasar da aka yanka mana, wadda muke kira fako, ita ce maganarmu yau. A makaranta an koya mana abubuwa da yawa a kan ƙasa, amma wanda ya fi yi mini amfani da na fito ƙauyuka shi ne wannan: yawancin fako bai mutu ba, ƙishirwa ce ke damunsa, kuma ruwan da zai sha yana sauka a kansa kowace damina. Wucewa kawai yake yi.

Ga yadda abin yake. Idan ƙasa ta zauna tsirara, babu kara, babu ganye, babu ciyawa, ɗigon ruwan sama yana dukanta kai tsaye. Dukan nan yana farfasa ƙananan dunƙulen ƙasa, garin ya toshe kofofin da ruwa ke bi, sai rana ta zo ta gasa saman ya zama ɓawo kamar daɓen ɗaki. Ruwa na gaba in ya zo ba shi da hanyar shiga, sai ya bi gangare, ya tafi da ɗan takin da ya saura da lallausar ƙasar sama. Jan ruwan nan da muke gani yana gudu a hanya bayan an ɗauke ruwa, gonakinmu ne ke tafiya a cikinsa. Can ƙasa kuma inda ya taru ya yi ƙarfi, shi ke haƙa kwazazzabon da ke cin hanyar kasuwa da bayan gidaje.

Bari mu yi lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Idan kun ji an ce a rediyo an yi ruwa milimita 20, ma'anarsa kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ya samu lita 20. Ku ɗauki ɗan fili mai taku goma a tsaye, taku goma a kwance, manyan taku. Ruwan dare ɗaya irin wannan ya zuba masa lita 2,000, wato jarka 80 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Wadda take zuwa rijiya da asuba ta san nauyin jarka ɗaya. Jarka 80 kyauta, a fili ɗan wannan, a dare ɗaya, kuma a kan fako mafi yawansa ba ya kwana a wurin.

Mai jagorantar zama, a nan ki tsaya da karatu a yi gwaji. A samo tire biyu ko murfin tukunya manya, a cika su da ƙasa iri ɗaya, a danna ta sosai, a jingina su su ɗan karkata. Ɗaya a bar shi haka, ɗayan a yi masa 'yan ramuka da babban yatsa a watsa masa ƙaiƙayi ko guntayen kara. A huda gindin gwangwanin madara da ƙusa, a zuba wa kowanne ruwa daidai wa daida daga sama, a tara kwano a ƙasan kowanne. A bar mata su duba yawan ruwan da ya gangaro da launinsa da kansu. Gani ya kori ji.

Inda tassa ta fito

Dabarar da zan nuna muku ba daga ofis ta fito ba. A ƙasar Burkina Faso, a yankin Yatenga, manoma sun daɗe suna haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa suna shuka a ciki, suna kiran abin zai. Bayan munanan fari na shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da mutane ke barin ƙauyuka, wani manomi mai suna Yakuba Sawadogo ya ƙara wa ramukan faɗi da zurfi, ya riƙa haƙa su tun da rani yana zuba musu taki. An yi masa dariya da farko. Daga baya filin da ya karɓa tsirara ya zama gona, har ya zama daji, kuma a 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa. A 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar (ba Illelar Sakkwato ba) suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka dawo gida suka fara. Su ne ke kiran ramukan tassa. Abin ya karɓu a can har fako, wanda a da ko kyauta aka ba mutum ba ya so, ya koma abin saye da sayarwa. Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Yadda ake haƙawa

Da rani ake haƙa tassa, daga bayan kaka har zuwa bazara, kafin ruwan farko. Ƙasa tana da tauri a lokacin, shi ya sa diga ta fi fartanya, kuma da sassafe ko da yamma aka fi jin daɗin aikin. Kafin ki sari ƙasa, ki fara sanin ta ina ruwa ke gangarowa a filinki. Kowa ta san wannan a gayaunarta, in kuma kin manta, dubi inda yashi da tsinkaye suka kwanta, su za su nuna miki.

Faɗin rami kamar bakin kwanon tuwo babba, santimita 20 zuwa 30. Zurfinsa kamar daga wuyan hannunki zuwa ƙarshen yatsu, santimita 15 zuwa 20. Ƙasar da kika fitar kada ki watsar, kuma kada ki zagaye ramin da ita. Ki tara ta a gefen gangare kaɗai, ta yi kamar jinjirin wata, bakin da ke fuskantar tudu ki bar shi a buɗe don ruwa ya shigo. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: mace ta sha wahala ta haƙa ramuka masu kyau, sai ta tara ƙasar ta sama, ta tare wa ruwa hanya da hannunta.

Tsakanin rami da rami taku ɗaya. Layuka su gitta gangaren, kada su bi shi. Ramin layi na biyu kuma ya faɗo daidai tsakanin ramuka biyu na layin farko, yadda kowaɗanne uku za su zauna kamar duwatsun murhu. Da haka ruwan da ya kuɓuce wa layin sama zai faɗa a na ƙasa.

A kowane rami a zuba taki cikin tafin hannu biyu, a ɗan yayyafa masa ƙasa don kada iska ta kwashe. Daga nan sai a bar shi. Iskar bazara za ta yi ta kawo ganye da ƙura tana zubawa a ciki, gara kuma za ta zo. Na san wasu za su ce, "Malama, gara kuma?" E, gara. Busasshen taki da tarkace take bi, kuma a garin binsu tana huda ƙasan ramin, ta bar hanyoyi zuwa can ƙasa. Waɗannan hanyoyin su ruwa zai bi ya sauka, saiwa ma ta bi su. Aikin da diga ba ta iya yi ba gara ke ƙarasa shi. Ba na cewa gara ba ta taɓa ɓarna a gona, tana yi, musamman in fari ya kama shuka ta fara bushewa. Amma a tassa amfaninta ya fi ɓarnarta.

Idan an yi ruwa mai kyau, ƙasar ramin ta jiƙe sosai, sai a shuka gero ko dawa a ciki. In sun fito a rage a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Ribar tassa ta fi fitowa ne lokacin da ruwa ya ɗauke kwana goma ko sati biyu bayan shuka, lokacin da shukar fili ke nannaɗe ganye ana maganar sake iri. Ta cikin rami tana da ɗanshin da za ta jira da shi.

Sai dai ba kowace ƙasa ke son tassa ba, kuma gara in faɗa muku tun yanzu. A jigawa, inda yashi ne zalla, ruwa dama yana shiga da kansa, ramin kuma rushewa zai yi a ruwan farko. A fadama ko ƙasar laka mai riƙe ruwa, ramin zai zama tafki ya ruɓar da shuka. Ko a fako ma, shekarar da marka ta yi yawa ruwa kan kwanta a ramuka, kuma gero ya fi dawa jin jiki da wannan. Sannan garmar shanu ba ta shiga filin tassa, noman hannu ne. Bayan shekara biyu ko uku ramukan sukan cike, a sake buɗe su ko a haƙa sababbi a tsakaninsu. Aikin ma ba wasa ba ne: masu bincike sun ƙiyasta hekta ɗaya tana cin kusan awa 300 ta haƙa. Shi ya sa ba na son kowa ta ce za ta yi gayaunarta duka a shekarar farko. Taku goma da taku goma, rami 100, taki kamar buhu guda. Ki bar sauran filin yadda kika saba, da kaka ki ɗaure damman kowane ɓangare daban, ki gwada da idonki.

Inda akwai duwatsu a kusa, a jera su layi a saman filin, a gicciye, manya a ƙasa ƙanana a cike tsakani. Ba sa tsayar da ruwa, rage masa gudu suke yi ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. In babu dutse, layin gamba ko jema yana yin wannan aikin, ga kuma abin zana da faifai.

Maganar taki

A nan ne ake ɗan yin shiru a kowace ƙungiya, don kowa ta san inda matsalar take. Awaki da tumakin da ke cikin gida yawanci namu ne, mu ke ba su dusa, mu ke share turkensu. Amma in bazara ta yi, jaki ko amalanke ya zo, takin duka gandu yake tafiya. Ba na cewa a yi rigima a kan wannan, gandu shi ke ciyar da gida. Abin da nake cewa, buhu ɗaya ko biyu ba zai rage wa gandu komai ba, kuma magana ce da ake yi da maigida cikin daɗin rai tun da kaka, ba ranar da amalanke ya tsaya a ƙofar gida ba.

Kuma takin da muke da shi ma muna barin ƙarfinsa yana tafiya. Kashin dabbobi da aka bari a rana wata da watanni, rabin amfaninsa ya bi iska. Ki haƙa rami a inuwa a bayan gida, ki riƙa zuba sharar turke, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da ragowar harawa, da ɗan toka, kina yayyafa ruwan wanke hatsi ko na wanke-wanken da ba sabulu da yawa. Ya kasance da ɗanshi amma ba jagab ba. Ki rufe da tsohuwar tabarma ko kara, ki juya shi kamar bayan sati biyu-biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya yi ƙamshin ƙasa. Leda da tsohon batir da fasasshiyar kwalba a tsince su tun a tsakar gida. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada a sa shi kai tsaye kusa da iri, ƙona shi yake yi.

Takin zamani ya yi tsada, na sani. Amma wadda ta samu ko mudu ɗaya ne, kada ta watsa shi a fili. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana koya wa manoma sa ɗan kaɗan a gindin kowace shuka: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, wajen giram 6, a gefe kaɗan da irin, a rufe da ƙasa. Da wannan awon, rami 100 bai ci ko kilo ɗaya ba. Ƙari ne a kan takin gida, ba madadinsa ba, don takin zamani ba ya sa ƙasa ta yi laushi ko ta riƙe ruwa.

Abu na ƙarshe a kan filin kansa shi ne sassabe. Kututturen kalgo da sabara da magarya da muke sarewa mu ƙone duk shekara, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. A Maraɗi, tun wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka fara barin toho biyu zuwa biyar mafi miƙewa a kowane kututture suna datse sauran. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram ya kai hekta miliyan 5. Abin da ke ba ni sha'awa, a Maraɗin nan dai aka fara irin wannan adashi namu mai akwati, a 1991, da sunan Mata Masu Dubara. A ramukan tassa ma za ku ga 'ya'yan itace sun tsiro daga cikin taki, don awaki sun ci 'ya'yansu. In gawo ne, ki kewaye shi da ƙaya ki yi masa gata. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowane manomi ya san yadda gero ke yi a gindinsa.

Kafin a sari ƙasa, a yi magana

Yanzu bari in ba ku labarin kuskurena, don kada ku maimaita. A shekarata ta biyu a wannan aiki, wata ƙungiya ta nemi aron fili don su yi tassa tare. Wani mai gona ya nuna musu wani fako a bayan gari ya ce su yi yadda suke so da shi, ai ba ya amfaninsa. Na yi murna, ban ce a kira kowa ba, ban ce a rubuta komai ba. Matan nan suka yi bazara biyu suna haƙa, da su da 'ya'yansu, suna ɗaukar taki a ka. Damina ta biyu dawa ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Da rani ya zagayo, mai gona ya aiko cewa ɗansa zai yi aure, yana bukatar filin. Ba mu da bakin magana, filinsa ne, kuma babu wanda ya ji an ambaci shekaru. Shugabar ƙungiyar, wadda ta haife ni, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Yata, ke da kika yi boko, ai da kin tuna mana da takarda." Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Wannan ne ya sa na ce ku riƙe labarin Illela. Fako ba shi da mai so sai ranar da ya farfaɗo. Don haka in aron fili za a yi, a je gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu daga ɓangaren mai fili har da 'ya'yansa manya, a faɗi shekara nawa. Ni ba na ba da shawarar ƙasa da biyar, don shekarar farko da ta biyu biyan wahala ne kawai. A faɗi wa ke da itacen da zai tsiro, da kara, da harawa. Sakatariya ta rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, kwafi ɗaya ya kwana a cikin akwatinmu. Ko gayaunar da maigida ya ba ki ce, ba laifi ba ne ki ce masa, "Malam, zan sa ƙarfina a wurin nan, ina so ka bar mini shi ko ya gyaru," a gaban wani babba na gida. Wadda kuma ta gaji gona a gidansu aka bar ta a hannun 'yan'uwa maza, ta sani tana da inda za ta fara da ba mai tashinta.

Da wane kuɗi?

An sha tambayata ko a ci rance daga akwati a biya 'yan haƙa. Amsata a'a ce, kuma dalilin lissafi ne. Rancenmu wata uku ne. In kin karɓa a watan Maris, biya zai kama a Yuni, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shuka ko gwiwa ba ta kai ba. Amfanin tassa sai Oktoba. Rance na sana'ar da ke juyawa ne duk sati, kamar ƙuli-ƙuli ko awara. Aikin ƙasa kuɗin rabo ya dace da shi, wanda ba mai bin ki. Ƙungiyoyin da rabonsu ke faɗowa tsakanin Janairu da Maris sun fi samun sauƙin wannan, kuma ƙungiya tana da ikon tsara zagayenta ya ƙare a lokacin in mambobi sun yarda.

Abin da ya fi kuɗi ma shi ne gayya. Mata goma, kowace ta haƙa rami goma, an gama filin mutum ɗaya da hantsi, gobe a koma na wata. Waɗanda ba sa fita gona su turo ɗa ko ƙane a madadinsu, ko su ɗauki nauyin kunu da ruwan sha, a rubuta musu a matsayin nasu zubin. Masu ciki da tsofaffi a ba su zuba taki, kada su riƙe diga. Diga biyu da shebur biyu sun ishi ƙungiya, a saya da kuɗin tara ko a yi karo-karo na musamman, kada a taɓa asusun taimakon gaggawa. A rubuta su a littafi kamar yadda ake rubuta rance: wa ta ɗauka, yaushe za ta dawo da su.

Kafin zama mai zuwa, kowace ta je ko ta aika a dubo mata filinta, a ɗebo mata ƙasarsa cikin gwangwani ɗaya, ta kuma zo da amsar abu uku: ta ina ruwa ke shigowa, kututture nawa ne masu toho a ciki, kuma wa za a tambaya kafin a haƙa. Za mu jiƙa ƙasar kowa mu murza a hannu mu ware ta yashi da ta laka da ta fako, sannan mu jefa ƙuri'ar wadda za a fara yi wa gayya.